Allurar Gwaggo Huseina

"Miƙo hannun mana, Sakinatu! Ko sai rana ta fito kowa ya gan mu?"

Inna Furera ce ke magana ƙasa-ƙasa, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da ƙoƙon lalle a gabanta. Sakinatu ta miƙa wa mahaifiyarta hannun, amma yatsun suka ƙi buɗewa. Haka suke yi mata kullum da safe, ta tashi ta tarar sun ƙage, sai ta yi shara ta yi wanke-wanke, hantsi ya dubi ludayi, sannan su saki. Na tsakiyar hannun dama kuwa ya kumbura tun daga tushe har kai, ya yi suntum kamar ɗanyen rogo. Inna ta kama shi ta miƙar da ƙarfi.

"Wash! Inna..."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan kalma a bakinki. Danga ce fa kawai tsakaninmu da matan Baffanki. So kike su ji? So kike a yi miki abin da aka yi wa ubanki?"

Sakinatu ta ciji leɓe ta haɗiye kukan. Inna ta shiga lafta mata lalle a farata. Faratan nan duk ƙananan ramuka ne a jikinsu, wasu sun yi kauri sun fara ɗagowa daga nama, amma in lalle ya kama sai su yi ja wur, ba mai lura. Har 'yan matan ƙauyensu na Gidan Ɗanya suna tsokanarta wai ita ce sarauniyar ƙunshi, ko ana yunwa hannunta ba ya rabo da ado. Ita dai sai ta yi murmushi. Da sun ɗaga hannun rigarta da sun ga abin da ke gwiwar hannunta, da gwiwoyin ƙafarta, da ƙeyarta, har da cibiya: fata ce ta yi tudu-tudu ta yi duhu, samanta farin ɓawo kamar an barbaɗa toka. In ta sosa ya zubo a tabarma, ƙarƙashinsa jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo. Bara Inna ta kai ta wurin wani wanzami can nesa da gari a ɓoye aka yi mata ƙaho, wai a zuƙe mugun jini. Ko wata ba a yi ba duk inda aska ta taɓa ya zama sabon tabo.

Abin da aka yi wa ubanta kuwa, babu wanda bai sani ba a ƙauyen, babu kuma mai son ya faɗa. Malam Sama'ilu manomi ne mai ƙarfi, har ciwo ya kama shi a wancan fari na baya, lokacin Sakinatu tana ƙarama. Jikinsa ya yi toka-toka, yatsunsa suka karkace, har ya kasa riƙe fartanya. Dangi suka taru suka ce babbar cuta ce, don bakinsu ba ya iya cewa kuturta. Ƙanensa Ja'afaru ya kafa masa bukka a ƙarshen gona, gindin wata ɗorawa. Abinci sai a ajiye masa a nesa a juya. A can ya ƙarasa kwanansa. Sakinatu ba ta iya tuna fuskarsa sosai, amma tana tuna nishinsa in ta raka Inna kai masa koko da safe. Har yau in ta bi ta gefen gonar nan, ko da tsakar rana ce, sai ta ji nishin a kunnenta, tsigar jikinta ta tashi.

Ga shi bana ma farin ya dawo. Ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, rumbuna sun zama ɗakin ɓera, mata sun koma tafasa da rama. Masu zuwa birni suna dawowa da labarin layin sabulu da na shinkafa. A irin wannan shekara zukata kan yi tauri, kowa ya riƙa lissafin bakunan da ke cikin gidansa.

A cikin wannan hali ne Allah ya haɗa ta da Khalilu, malamin firamare, ɗan Malam Ɗahiru mai makarantar allo ta unguwar gabas. Kullum bayan la'asar sai a ji ƙararrawar kekensa a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Madam, yau ma hannun a cikin gyale? Ni fa har yanzu ban san ko yatsu nawa gare ki ba."

"Kai dai Malam ba ka rabo da tsokana."

"Sori! Amma wallahi siriyas nake. Hedimasta ma ya ce tun da na fara zuwa nan na daina dukan yara." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Sakina, an kai kayan na-gani-ina-so, Baffanki ya karɓa. Abu ɗaya ya rage. Baba ya ce sai an yi bincike, kin san dai maganar mutane a kan marigayi. Gwaggo Huseina za ta zo ta gaida Inna."

Sakinatu ta dubi gyalen da ke rufe da hannunta. Tana son yaron nan, so irin wanda ke hana mutum jin yunwa, kuma a wannan lokacin ta yi niyyar ta fito da hannun ta ce, "Ga shi, duba." Har ta motsa shi a cikin gyale. Sai muryar Inna ta faɗo mata a rai.

"Allah ya kawo ta lafiya," ta ce.

"Kada ki damu. Ni ko me aka ce, ina nan."

Gwaggo Huseina yayar Malam Ɗahiru ce, tsohuwa mai idon mikiya, wadda ta wanke amare ta wanke gawa fiye da kowa a yankin. Ba muguwa ba ce, a bar wa gaskiya gaskiyarta. Sai dai ta yarda da saninta ƙwarai, kuma abin da ta sani game da kuturta shi ne naman mai ita mutuwa yake yi, ko wuta ya taka ba zai ji ba. Da wannan sanin ta zo, da 'yar allura maƙale a bakin zanenta.

Kafin ta iso Inna ta ja 'yarta ɗaki ta kama kunnenta.

"Yau ce ranar. Ko hannun ta murɗe miki, ko dunduniyar ta taka, kada ki motsa. 'Ya mai tarbiyya ba ta nuna ciwo gaban surukai. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka jajanta fari. Sakinatu ta kawo ruwa ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Matso nan, 'yar nan, in ga wannan ƙunshi da ake ta ba ni labari. Kai, masha Allahu! Furera, ke kika yi mata?"

Gwaggo ta kama hannun dama ta ɗora a cinyarta, tana juya shi, tana ta hira da Inna a kan tsadar dawa a kasuwar Minjibir. Idonta ya sauka a kan yatsan da ya kumbura, amma bakinta bai daina zuba ba. Can sai Sakinatu ta ji wani abu ya shige naman yatsan, ya ratsa, ya haura hannunta har ƙwaƙwalwa. Duniya ta yi mata duhu. Ihu ya taso ya tsaya mata a maƙogwaro, ta danne shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Ko gira ba ta ɗaga ba. A ranta cewa take, gwajin haƙuri ne ake yi mata, kuma in don Khalilu ne, ko yatsan za a yanke ba za ta yi tari ba.

Gwaggo ta zare allurar. Ta dubi jinin da ya taru a kan lallen, ta dubi fuskar yarinyar, ta ga har ɗan murmushi take yi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohuwar a hankali. Ta saki hannun, ta ɗauki ruwan da aka kawo mata ta wanke nata hannun da shi maimakon ta sha. "Furera, bari in koma, na bar jika ba lafiya."

Bayan ta fita Inna ta rungume 'yarta tana sa mata albarka. "Kin fitar da ni kunya! Ko ni ba zan iya ba." Uwa da 'ya suka wuni cikin farin ciki, ba su san cewa da hannunsu suka rufe wa kansu ƙofa ba.

Washegari da hantsi Baffa Ja'afaru ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya tsaya nesa da ƙofar ɗakin.

"Furera! Ashe munafuntata kike yi a cikin gidana? An aiko daga gidan Malam Ɗahiru, sun fasa. Huseina ta soka wa yarinyar nan allura har ta yi jini, ko gezau! Abin da ya ci Doma dai ba ya barin Awai."

"Malam Ja'afaru, ka tsaya ka ji..."

"In ji me? 'Ya'yana suna cin tuwo a kwano ɗaya da ita! Wa zai auri 'ya'yana in maganar nan ta fita? Ɗaga hannun rigarki, ke!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sakinatu ta ɗaga. Matan gida da suka leƙo ta saman danga suka ɗauki salati, wata ta janye ɗanta. Inna ta yi ta rantsuwa cewa yarinyar ta ji allurar, ita ce ta hana ta motsi, amma wa zai yarda da shaidar uwa? Ita kuwa Sakinatu bakinta ya mutu. An daɗe ana koya mata shiru, har ta manta yadda ake yin magana.

Kafin azahar Baffa ya sa an ɗora sabuwar ciyawa a kan tsohuwar bukkar gindin ɗorawa. Inna ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta, aka ce ta zauna, in ta bi ta to kada ta dawo ta taɓa tulun gida. Haka Sakinatu ta ɗauki tabarmarta da buta ta bi hanyar gona tana ɗingishi, don dunduniyarta ta hagu ta daɗe tana yi mata kamar ta taka ƙaya.

Kwanakin da ta yi a bukkar nan ba ta taɓa ba wa kowa labarinsu duka ba. Gonaki sun bushe, kara tsaye ba zangarniya, ko tsuntsu ba ya kuka. A tsakiyar bukkar akwai wani ginshiƙi na icen marke, gefensa ɗaya ya yi sumul yana sheƙi. Ta daɗe tana mamakin abin da ya goge shi, sai ranar da ƙaiƙayi ya ishe ta a gadon baya, ta jingina da shi ta fara gogawa. Nan take ta gane. Ta zabura ta koma gefe tana kallon icen. Ashe nan ubanta yake tsayawa. Daga ranar, in gari ya waye gaɓoɓinta sun ƙage, ta buɗe baki za ta yi nishi, sai ta rasa ko nata ne take ji ko nasa. Tsoro ya cika ta, ba tsoron aljan ba, tsoron cewa ita ma haka za ta ƙare, a manta da fuskarta a tuna nishinta.

Wata ranar da yamma ta ji ƙararrawar keke. Ta leƙo ta ga Khalilu ya jingine shi a jikin ɗorawa, ya rame, idonsa ya faɗa.

"Kada ka matso! Malam, don Allah ka koma."

"Baba ya hana ni zuwa, na yi masa biyayya har na gaji. Yau na ce masa zan zo in ji daga bakinki, ya yi shiru, na ɗauki shirun izini." Ya tako har bakin bukkar ya tsuguna. "Me ya sa kika ɓoye min, Sakina? Kin ɗauka gudu zan yi?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Tun yaushe hannun ya daina ji? Gwaggo ta ce ta soka miki allura har rabi ba ki sani ba."

Ta ɗago da sauri. "Ban sani ba? Ni ce ban sani ba?"

"Haka ta ce."

Wani abu da ya shekara yana danne a ƙirjinta ya fashe. "Wallahi na ji! Na ji har cikin ƙwaƙwalwata! Kwana na yi yatsan yana zugi! Malam, ni ba abin da nake yi a duniyar nan sai ji! Yatsuna ciwo, dunduniyata ciwo, bayana ciwo, fatata ƙaiƙayi kamar in cire ta in yar! Na yi shiru ne don kada gwaggonka ta ce ba ni da kunya. Don kai na yi shiru!"

Ta durƙushe tana kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Can Khalilu ya miƙe tsaye yana riƙe da kai.

"La ilaha illallahu! Sakina, kin san me kika faɗa kuwa? Duk shekara malamin kutare yana zuwa makarantarmu duba yara. Auduga yake shafa musu a tabo, wanda ya ji ya ce ya tafi aji, wanda bai ji ba shi ake kaiwa asibiti. Gwaggo ba ta yi kuskure a saninta ba, ke ce kika ba ta amsar da ba taki ba! Ni ba likita ba ne, amma gobe sai birni."

Da ƙyar Baffa Ja'afaru ya yarda, shi ma don Khalilu ya ce in likita ya tabbatar kuturta ce, zai bar maganar auren har abada. Da sassafe suka shiga bas su uku da Inna, Sakinatu ta lulluɓe har ido. A asibitin suka bi layi suka yanki kati, rana ta take kafin a kira su.

Likitan fata wani dattijo ne mai furfura a gemu. Abin da ya fara ba su mamaki shi ne ya kama hannunta da hannunsa, babu ƙyama. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da auduga.

"Nan fa?"

"Na ji."

"Nan?"

"Na ji."

Ya kankare ɓawon gwiwar hannunta kaɗan ya duba, ya duba ƙeyarta, ya daɗe a kan faratan yana tsaki saboda lallen. Da ya matsa dunduniyarta sai ta ƙame ta ciji leɓe.

"A'a, 'yata, nan ba gidan surukai ba ne. In da zafi ki ce da zafi, da shi nake aiki."

"Da zafi, likita! Wayyo, da zafi!"

"Madalla." Ya koma kujerarsa. Ya sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun, sai da yamma ya sake kiransu. "Wannan ba kuturta ba ce. Mu soriyasis muke ce mata. Fata ce ke saurin yin sabuwa tun tsohuwa ba ta faɗi ba, sai ta taru ta yi ɓawo. A wasu mutanen takan shiga gaɓoɓi, musamman waɗanda ta taɓa wa farata, shi ne kumburin yatsan nan da ƙagewar safe da ciwon dunduniya. Ba a ɗaukarta. Ku ci tare, ku sha tare, ku kwana ɗaki ɗaya."

Khalilu ya sauke ajiyar zuciya. "Tana warkewa, likita?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, samari. Takan lafa ta dawo, damuwa da wahala suna tayar da ita. Akwai man shafawa, akwai ƙwayoyin da za su kwantar da gaɓoɓin. In ana zuwa ana shan magani, za ta yi aikinta ta haifi 'ya'yanta. In aka bar ta, yatsun na iya karkacewa. Kuma a daina tsaga, duk inda aka yanka nan take fitowa. Abu na ƙarshe, a wasu gidajen tana bin jini. Akwai mai irinta a dangi?"

Inna Furera ta matso kusa da likitan.

"Ubanta... jikinsa ya yi irin wannan tokar. Yatsunsa suka lanƙwashe. Da safe ba ya iya tashi sai rana ta yi zafi. Yana yawan susa."

Likita ya dube ta. "Baiwar Allah, ba na yanke hukunci a kan wanda ban gani ba. Amma abin da kika faɗa ya fi kama da wannan. Kuma ko da kuturtar ce, ai tana da magani, ba a jefar da mutum a daji. Yana ina yanzu?"

Inna ta sulale ƙasa ta zauna daɓas a kan siminti, ta ɗora hannu a ka. Har suka dawo Gidan Ɗanya magana ɗaya take maimaitawa ga marigayi mijinta: "Malam, ka yafe mana."

Bayan sallar Juma'a aka taru a zauren Baffa Ja'afaru. Malam Ɗahiru ya zo da carbinsa, Gwaggo Huseina ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Khalilu ya faɗi duk abin da likita ya ce, bai rage ko ɗaya ba, har da cewa ba ta warkewa gaba ɗaya, har da cewa tana iya bin jini.

"To kun ji!" in ji Gwaggo. "Ko ba kuturta ba ce, ai gado ce. Kuma ni idona ya gani, gani ya kori ji. Yarinyar da aka soka wa allura tana murmushi? Ɗahiru, kada ka bari yaron nan ya ɗebo mana abin da ya fi ƙarfinmu, a shekarar da ko lafiyayye da ƙyar yake ci."

Malam Ɗahiru ya daɗe yana jan carbi. "Kowa ya yi magana a kan yarinyar nan, ita kaɗai ce ban ji ba. A kira ta."

Sakinatu ta shigo ta durƙusa a gefe. Budurwa ta yi magana gaban uban saurayinta? A Gidan Ɗanya ba a taɓa yi ba. Ta ji harshenta ya yi nauyi, kunya ta rufe ta, tsohon shirun nan ya dawo yana ja mata baki. Ta san kuma in ta bi shi, bukka ce makomarta.

"'Yata, kada ki ji nauyina. Me kike ji a jikinki?"

Ta ɗan ɗago kai. "Baba... da asuba in na farka, ji nake kamar an ɗaure min yatsu da igiya. Alwala ma sai na jira. In na taka ƙasa, dunduniyata kamar ƙaya. Bayana yana riƙewa in na daɗe a kwance, sai na tashi na yi ta zagaya sannan ya saki. Fatar kuma ƙaiƙayi, in na sosa ta yi raɗaɗi. Allurar Gwaggo na ji ta, wallahi na ji ta. Kunyarku ce ta hana ni motsi. Ku gafarce ni."

Sai aka ji wani sauti daga inda Baffa Ja'afaru yake. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza.

"Haka yake cewa," in ji shi da ƙyar. "Yaya Sama'ilu... haka yake ɗaga murya daga bukka in na je gona. 'Ja'afaru, ina jin ciwo, kuturu ba ya jin ciwo, ku zo ku duba ni.' Muka ce dabara ce yake yi don a mayar da shi gida. Ban taɓa matsawa ba. Ko sau ɗaya ban matsa ba!"

Babu wanda ya iya ba shi haƙuri, don kowa a wurin yana da rabonsa a cikin wannan laifi. Gwaggo Huseina ta share ido da bakin mayafi, ta tashi da kanta ta zo ta kama hannun Sakinatu, wanda ta soka, ta riƙe shi a ƙirjinta.

"Ke ma dai da taurin rai, 'yar nan. Ko ɗan 'wash' ai kya ce! Ki yafe wa tsohuwa."

Malam Ɗahiru ya gyara murya. "Rashin sani ya fi dare duhu. Uban ya yi magana mun ƙi ji, 'yar ta yi shiru mun hukunta ta. Ku sani, Annabi Ayuba da ake buga misali da haƙurinsa, shi ma ya kai kukansa ga Ubangijinsa ya ce cuta ta shafe shi, kuma hakan bai rage masa haƙuri ba. Maganar gado kuwa, wane gida ne ba shi da abin da ke bin jininsa? Khalilu, ka ji dai ba ta warkewa. Za ka iya?"

"Zan iya, Baba, in Allah ya yarda."

"To Malam Ja'afaru, muna neman aure."

An ɗaura shi cikin farin nan, ba kiɗa ba tarin kwanuka, da kunun tsamiya aka sallami baƙi. Damina ta gaba Allah ya saki ruwa, gero ya yi, mutane suka mayar da jiki. Ciwon Sakinatu bai tafi ba. Wata shekarar ya lafa har ta manta, wata shekarar ya taso ya kwantar da ita, ɗan ƙaramin yatsanta na hagu ma ya ɗan karkace bai koma ba. Amma ba ta ƙara ɓoyewa ba. In ta tashi gaɓoɓi sun ƙage sai ta ce, "Malam, yau fa sun ƙi," shi kuwa ya ɗora ruwa a wuta kafin ya tafi makaranta, yana tsokanarta wai ya auri hedimasta ta biyu.

Sun haifi 'ya mace suka sa mata Rahmatu. Sakinatu ba ta taɓa yi mata wanka ba tare da ta juya gwiwar hannunta ta duba ba, gabanta na faɗuwa, don wannan tsoron ya zauna mata ke nan. Wata rana yarinyar tana tsalle a tsakar gida ta faɗi, ta tashi tana tsala ihu. Inna Furera da ta zo wuni ta ɗaga murya irin ta sabo.

"Yi shiru mana! 'Ya mace ba ta raki, haɗiye!"

Sakinatu ta ajiye tsintsiya. Ta dubi mahaifiyarta, uwar ta dube ta, sai tsohuwar ta kawar da kai idonta ya ciko. Haƙuri ado ne, mahaƙurci kuma mawadaci, Sakinatu shaida ce. Sai dai haƙuri shi ne ka ɗauki ƙaddara ba tare da ka yi wa Allah butulci ba, ba wai ka rufe baki har cuta ta cinye ka ba. Wanda kuma ɗan'uwansa ya ce masa "ina jin ciwo", to ya matsa kusa ya duba tun yana da rai.

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta jawo 'yarta jikinta.

"Yi kukanki, Rahmatu. In kin gama ki nuna min inda yake miki ciwo."